Amsoshin Tambayoyinku: Na'urar zuƙe hayaƙin kicin ta nuna lambar matsala, a gyara ko a sayi sabuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na'urar zuƙe hayaƙi da ke saman murhun gas ɗina ta fara yin ƙara tana nuna wata lamba a fuskarta, wani lokaci ma fankar ta tsaya cak ana tsakiyar suya. Mai gyara ya ce sensa ce ta lalace, gara in sayi sabuwa. Mece ce shawararku? Daga wata uwargida a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ina roƙonki kada ki yi gaggawar fitar da kuɗi, domin sensa, wato abin da ke gano yanayi kamar zafi ya sanar da na'urar, tana cikin ƙananan kayan da ke cikin wannan na'ura, kuma sau da yawa lafiyarta ƙalau, wani abu ne daban ya sa ta kai rahoton da ba daidai ba.

Ki fara da rubuta lambar kamar yadda ta fito, tare da sunan kamfanin da lambar samfurin, wadda galibi ake samu a jikin wata takarda da aka manna a ciki idan an cire ragar tace maiƙo. Kowane kamfani da irin ma'anar da yake bai wa lambobinsa, saboda haka littafin na'urar ne kaɗai zai faɗa miki gaskiyar abin da take nufi. Akwai alamomin da ba sa nuna lalacewa ko kaɗan, tunatarwa ce kawai cewa lokacin wanke raga ko sauya matatar gawayi ya yi, kuma suna gogewa idan an danne maɓallin da littafin ya ambata na 'yan daƙiƙoƙi.

Daga nan sai wuta. A Najeriya ana sa ran bolt 230 a soket, amma duk wanda ke zaune a Legas ya san yadda take zuwa da rauni, ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi, sannan a juya zuwa janareta. Irin wannan yana rikita allon da ke sarrafa na'urar. Ki zare filogi na kamar minti goma, ki mayar lokacin da wuta ta daidaita. Idan lambar ba ta fitowa sai a kan janareta, to sitabilaiza kike buƙata.

Inda na fi zargi kuwa shi ne maiƙo. Suyar ƙosai da kifi da manja tana tara wani danƙo mai kauri a raga, har mutum ya ga ramukanta sun toshe, ɗigon mai yana tsaye a gefe. Idan iska ba ta wucewa, zafi zai taru a ciki, sensar zafi ta tsayar da fanka, kuma aikinta ne take yi. Ki cire wuta, ki jiƙa ragar a ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, ki bari ta bushe sarai kafin ki mayar. Mai suya kullum ya kamata ta yi haka aƙalla sau ɗaya a wata, domin maiƙon da ya taru yana iya kamawa da wuta. Ki kuma auna tsayin da aka kafa na'urar, domin a saman murhun gas bai kamata ya gaza santimita 65 ba.

Idan duk da haka lambar ta dawo, sai a kira mai gyara, amma ki ce ya gwada a gabanki. Danshin iskar Legas yakan sa bakin wayar sensar ya yi tsatsa ko ya saki, gogewa da matsewa kawai sai a rabu da matsalar. Sensar zafi ana auna ta da mitar gwada kayan lantarki: da yawa daga cikinsu suna ba da kusan om 10,000 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki) a zafin digiri 25 na Celsius, adadin yana raguwa idan an ɗumama ta da hannu. Wadda adadinta ba ya motsi ta mutu, sai a nemi irinta daidai, a wajen wakilin kamfanin ko a kasuwar Alaba, a tafi da tsohuwar a hannu. Kada ki yarda a tsallake sensar a haɗa waya kai tsaye don lambar ta ɓace, wannan cire kariya ne daga saman murhun da kike girki kullum.

Ba ki faɗi lokacin da kika sayi na'urar ba. In garantinta bai ƙare ba, kada kowa ya kwance ta. Ki ɗauki rasit ki koma wurin dillalin, idan kuma ya ƙi sauraronki, hukumar FCCPC ta tarayya da LASCOPA ta jihar Legas suna karɓar ƙorafin masu saye.

Sayen sabuwa zai dace ne idan allon da injin fankar duk sun ƙone, har kuɗin gyara ya kusa kamo na sabuwa. A wannan hali ki zaɓi wadda faɗinta bai gaza na murhunki ba, santimita 60 ko 90, mai bututun fitar da hayaƙi waje, kuma ki tambayi dillalin inda ake samun kayan gyaranta a Legas kafin ki biya.