Dutsen Ruwan Gishiri Na Hannu: A Goge Gansakukar Ko A Kashe Dutsen?

Tambaya: Wani da zai bar gari ya sa duwatsun tankin kifinsa na ruwan gishiri a kasuwa, kuma farashin bai kai rabin na sabo ba. Matsalar ita ce koriyar gansakuka mai kama da gashi ta lulluɓe su. In saya? In na saya, yaya zan wanke su? Wani abokina ya ce in tafasa su kawai. (Mai karatu daga Abuja)

Amsa: Malam, bari mu fara da shawarar abokinka, domin ita ce mai haɗari. Kada ka tafasa, kada ka zuba musu ruwan zafi. Akwai wasu ƙananan halittu dangin murjani, irin su Palythoa, da ke maƙalewa a jikin dutse, kuma suna ɗauke da dafin da ake kira falitoksin. Tururin ruwan zafi yana ɗaga dafin ya shiga iska, an kuma sha kwantar da iyali guda a asibiti a Amurka da Turai saboda wannan. Ko gogewa za ka yi, sa safar hannu mai kauri da tabarau, a fili inda iska ke kaɗawa.

Irin wannan dutsen tanki, wanda ake kira dutse mai rai, ƙashin mataccen murjani ne, duk jikinsa ramuka. Kuɗin da kake biya na mazauna ramukan ne, wato bakteriyar da ke juya amoniyar kashin kifi ta koma naitirait, sannan naitiret. Samun na teku ya ƙara wuya tun da Fiji, ɗaya daga manyan masu fitar da shi, ta sanar da hana fitarwa a ƙarshen 2017. Saboda haka na hannu abin dubawa ne.

Kafin ciniki, yi wa mai shi tambaya ɗaya: ya taɓa zuba maganin kifi mai jan ƙarfe a tankin? In ya ce e, ko ya fara inda-inda, ka haƙura ko da kyauta zai ba ka. Dutsen yana shanye jan ƙarfe ya riƙa sako shi a hankali, shi kuwa yana kashe murjani da katantanwa da jatan lande. Sai ka shinshina. Lafiyayye ƙamshin teku yake yi. Mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya riga ya mutu a ciki.

Gansakukar kanta ba ta tsorata ni ba. Abin da ke ciyar da ita ne damuwa. Tsohon dutse ya shekara yana tsotsar sinadarin fosfet daga ragowar abincin kifi, kuma zai ci gaba da sako shi a sabon tankinka. Shi ya sa mutum zai goge shi fes da buroshi, bayan mako uku ya ga ya sake yin kore.

Ga abin da zan yi da ni ne. Goge shi da buroshi mai tauri a cikin bokitin ruwan gishiri, ba ruwan famfo ba, domin ruwan daɗi yana kashe mazauna dutsen. Tabo mai launin shunayya ko ruwan hoda mai tauri ka bar shi, wannan gansakukar kirki ce da masu sana'ar ke nema. Daga nan ka jera duwatsun a baƙin durom mai murfi, ka cika da ruwan da ka haɗa da gishirin tanki har awon gishirinsa a ma'auni ya kai 1.025, zafinsa tsakanin digiri 24 zuwa 26, ka sa ƙaramin injin motsa ruwa, ka rufe. Babu haske, babu abinci. Koriyar gansakuka ba ta rayuwa a duhu, bakteriya kuwa ko a jikinta. Duk mako ka girgiza kowane dutse, ka zubar da dattin da ya kwanta a ƙasa, ka canza ruwa. Aikin yakan ci mako shida zuwa takwas, wani lokaci fiye. Kayan gwaji ne za su ce maka an gama: amoniya sifili, fosfet ƙasa da 0.1.

Abu biyu ke lalata wannan aiki a wajenmu. Ruwan burtsatse, wanda shi ma yakan zo da nasa naitiret, don haka sai tataccen ruwa na injin RO. Sai ɗauke wuta: ruwan da ya kwana bai motsa ba a zafin watan Afrilu iskarsa ƙarewa take, durom ɗin ya ruɓe. In ba ka da inbata, sayi ɗan injin iska mai batir kafin ka sayi dutsen.

Tambaya: Ni nawa dutsen har da wasu ƙwallaye korra masu sheƙi, da wasu 'yan halittu ruwan ƙasa masu kama da fure. Bilic zai yi? (Wata mai karatu)

Amsa: Hajiya, ƙwallayen su ne Valonia, furannin kuma Aiptasia, masu harbin murjani. In 'yan kaɗan ne, ki ɓamɓare ƙwallayen a wajen tanki. Aiptasia kuwa kada ki kankare ta, guntun da ya rage sake tsirowa yake, kuma duhu bai cika gamawa da ita ba. In sun mamaye dutsen, bilic ne mafita: marar turare, a jiƙa 'yan kwanaki, a ɗauraye sosai da maganin cire kulorin, a shanya a rana har warin ya ɓace gaba ɗaya. Kada ki taɓa haɗa shi da asid ko binega, iskar da ke tashi guba ce. Amma ki sani bayan bilic busasshen dutse ne a hannunki, sai ya sake zama makonni a ruwan gishiri kafin ki sa kifi. In ba ki biya ba tukuna, ki taya shi a farashin busasshe.