Bokitin loda ba ya komawa daidai da ƙasa

Ɗan'uwa, ka ce in ka zubar da kaya ka sauke hannun loda, wato motar ɗibar ƙasa da kaya, bokitin ba ya tsayawa shimfiɗe kamar da, sai ya kafa haƙora a ƙasa. Kada ka yi saurin zargin kwamfutar motar da ke daidaita bokitin da kanta, ba kasafai take lalacewa ba.

Ita kwamfutar ba ta ganin bokiti. Akwai sensa ɗaya da ke auna tsayin hannu, wata kuma tana auna karkatar bokiti a wajen silinda ko mahaɗin ƙarafan. Da lissafin ya kai inda aka saita, sai ta yanke wutar da ke zuwa bawul, man haidirolik ya tsaya. To in sensa ta yi mata ƙarya, ita ma ƙaryar za ta bi.

Saboda haka fara da ido. Sauke bokitin ƙasa, ka kashe inji, ka bi wayar sensa da hannu har soket. Sau da yawa za ka tarar laka ta daskare a ciki, ko wayar ta goge a inda hannu ke lanƙwasawa. Sannan duba fin da bushi, wato ƙusoshin ƙarfen da ke riƙe mahaɗai da zobban da suke juyawa a ciki. Wannan ne mutane suka fi rainawa: in sun ci, ɗan wasan da suke yi a mahaɗi yakan zama babban kuskure a bakin bokiti, alhali sensa lafiyarta lau.

In komai ƙalau ne, shimfiɗa bokitin a daidaitaccen wuri ka sake saita shi kamar yadda littafin motar ya nuna. Don Allah kada kowa ya shiga ƙarƙashin hannun da aka ɗaga sai an tokare shi.