Baba ya ce zafin Arizona ba ya ba Basakkwace tsoro

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a jihar Texas ta Amurka. Mahaifina zai zo daga Sakkwato a watan Yuli, shekarunsa sun haura 60. Ya ga hotunan Grand Canyon da na wani jan kwazazzabo mai suna Antelope a waya, ya ce sai ya sauka har ƙasa ya taɓa ruwan kogin. Da na ce masa akwai zafi sai ya yi dariya, wai Basakkwace ake gaya wa zafi? Yaya zan tsara tafiyar?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kawo Baba lafiya. Ki kai shi, wurin ya ci kuɗin man da za ki ƙona. Batun taɓa kogi ne dai za ki lallashe shi ya haƙura. Baba ya san zafi, ba na musu, amma ki tambaye shi yaushe rabon da ya ga dattijo a Sakkwato yana hawan dutse da azahar a watan Afrilu. Da inuwa da ruwan randa da ƙailula mutanenmu suke maganin rana.

Kogin Kolorado ne ya ƙwaƙule kwazazzabon Grand Canyon a arewacin jihar Arizona, tsawonsa kilomita 446, zurfinsa ya haura mita 1,500. Bakin kudu, South Rim, inda yawancin baƙi suke tsayawa, yana kan tudu mai tsayin mita 2,100 daga teku, don haka ko a Yuli zafinsa da sauƙi, da asuba ma har da ɗan sanyi. Wannan sanyin ne ke yaudarar mutane. A ƙasa kusa da kogi zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. Ga shi gangara ake fara yi: da safe ƙafa tana tafiya da kanta, mutum yana ta ɗaukar hoto, sai rana ta take, ruwan gora ya koma rabi, sannan ya waiwayo ya ga duk abin da ya sauko sai ya haura shi. Hawa yakan ci ninki biyu na lokacin sauka, kuma a wannan tudu numfashin baƙo yana saurin yankewa. Hukumar da ke kula da wurin ta kafa alluna tana gargaɗin kada a je kogi a dawo a yini ɗaya, amma duk shekara sai an ceto ɗaruruwan mutane, har da majiya ƙarfi.

Ku kwana a garin Flagstaff ko Tusayan, ku yi sallar asuba ku nufi Mather Point, wani wurin tsayawa kallo a bakin kudu, kafin fitowar rana. Lokacin ne duwatsun suke rikiɗa daga toka-toka zuwa ja. Jan nan tsatsa ce, sinadarin ƙarfe da ke cikin dutsen, kamar dai jar ƙasar marmara da ake zuba wa titi a gida. Akwai shimfiɗaɗɗiyar hanya a bakin kwazazzabon da motocin bas na kyauta. In Baba ya matsa, ku gangara hanyar Bright Angel na minti 20 ku juyo, kafin ƙarfe 10 kuna sama. Ku riƙe ruwa da yawa da gyaɗa mai gishiri, domin ke ma'aikaciyar jinya ce, kin san ɗirkar ruwa ba gishiri ga mai zufa wata cutar ce. Kilishi kuwa ki hana shi tahowa da shi, kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shiga.

Antelope yana kusa da garin Page, a ƙasar ƙabilar Nabaho, ba a shiga sai da ɗan jagora daga cikinsu, kuma ana kama gurbi ta intanet tun da wuri. Wani tsukakken lungu ne a cikin dutse, wani wurin kafaɗa tana gogar bango, haske yana zubowa daga sama. Kashi biyu ne, na sama da na ƙasa. Na ƙasan akwai tsani mai tsayi, ki duba gwiwar Baba tukuna.

Haɗarin can ba zafi ba ne, ambaliya ce. Yuli zuwa Satumba ne daminarsu. Ruwa zai sauka a nesa, sama a kanku tas ba gajimare, ya taru ya auko cikin lungun da laka da itace. Ranar 12 ga Agusta 1997 haka ya ci mutum 11 a Antelope na ƙasa. Duk wanda ya san ƙoramun Agadez da damina ba sai an yi masa bayani ba. In ɗan jagora ya ce yau an rufe, kada Baba ya tsaya ja-in-ja, ku wuce Horseshoe Bend da ke gefen garin da la'asar sakaliya. Daga can zai ga kogin nasa ya yi lanƙwasa mita 300 a ƙarƙashin ƙafarsa, sai dai ki riƙe masa hula saboda iska.