Tambaya da Amsa: Me ya haɗa kanwa da jadawalin sinadarai?

Tambaya daga wata ɗaliba a Marwa: Assalamu alaikum Malam. Ina ajin segond a lise, wato babbar sakandare. An raba mana jadawalin sinadarai, wanda malaminmu ke kira tablo feriyodik, gida 118, kowanne da haruffa da lamba. Sati biyu ina hadda, in na riƙe layi ɗaya sai na baya ya zube. Dole ne sai na haddace duka? Kuma me ya sa ake rubuta Na a gidan sodiyam?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Ki ajiye haddar nan tukuna. Na daɗe ina koyar da wannan darasi a nan Garwa, kuma ba na so in ga yaro ya tsani jadawalin don an ce ya rera shi kamar waƙa. An zana shi ne don a riƙa dubawa, a gane wa ke dangin wa. Bari in fara da tambayarki ta biyu, don amsarta tana cikin madafin gidanku.

Kin san kanwa ungurnu, wadda ake haƙowa a yankin Kanem da bakin Tafkin Chadi, ake kawo mana ita kasuwa dunƙule-dunƙule. Larabawa na kiran irinta natrun. Daga nan masana suka samo sunan natriyum, suka gutsuro haruffa biyu na farko, ya zama Na. Sodiyam ke nan, ƙarfen da ke cikin kanwa da gishiri. Ki sauko gida ɗaya a ƙarƙashinsa za ki ga K, wato fotasiyam. Shi ma tsohon sunansa kaliyum ne, daga kalmar Larabci ta ƙali, tokar tsirrai.

Ina yaro, in kanwa ta ƙare a gida, mahaifiyata ba ta aikenmu kasuwa. Karan dawa take ƙonawa, ta kwashe tokar ta zuba a tsohuwar ƙwarya mai huji, ta shimfiɗa tsumma, ta zuba ruwa a kai. Mu zauna muna kallon ruwan yana ɗiga cikin kwano, launinsa kamar na shayi, in ka taɓa da yatsa ka ji santsi. Da wannan ruwan toka take dafa wake ya nuna da wuri, da shi take kashe tsamin yakuwa, daidai yadda kanwa ke yi. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta san ɗaya na maye gurbin ɗaya. Sai da na girma na gane dalili: kanwa gishirin kabonet ce, wato haɗin kabon da oksijin, ta sodiyam, ruwan toka kuwa kabonet ne na fotasiyam, kuma ƙarafan biyu suna layi ɗaya na tsaye, wa da ƙane. Abin da jadawalin ke faɗa ke nan: waɗanda ke layi ɗaya na tsaye halinsu ɗaya.

Ki gwada da kanki. Ki zuba ruwan zoɓorodo, wanda muke ce wa folere, a kofi biyu. Ɗaya ki sa masa ruwan kanwa, ɗayan ruwan toka. Duka biyun jan zai gushe, su yi duhu. Ki matsa lemun tsami, ja ya dawo. Da Bahaushe ya ce kanwa ta kar tsami, kimiyya ya faɗa.

To mene ne waɗannan gidaje 118? Kowane gida na sinadari ne na asali, wanda ba a iya raba shi ya zama wani abu dabam ta hanyar ƙonawa ko narkarwa. Ruwa ba ya ciki, domin haɗi ne na haidurojin da oksijin. Amma zinariya, azurfa, dalma, kuza, farar wuta da zaiba duk suna da gidajensu, kuma kakanninmu sun ba su suna tun kafin a zana jadawalin. Lambar da ke saman gida ita ce yawan furoton, wato wasu 'yan mitsitsin ƙwayoyi da ke tsakiyar ƙwayar zarra ta sinadarin: haidurojin 1, kabon na gawayi 6, oksijin 8, sodiyam 11, baƙin ƙarfe 26, zinariya 79. Layukan kwance 7 ne, na tsaye 18.

Kamannin hali kuwa daga elektoron yake zuwa, wasu 'yan mitsitsin ƙwayoyi da ke kewaye tsakiyar zarra zobe-zobe. Sodiyam yana da 11: biyu a ciki, takwas a tsakiya, ɗaya tilo a waje. Fotasiyam yana da 19: biyu, takwas, takwas, sai ɗaya a waje. Wannan ɗayan na waje kowannensu ke neman rabuwa da shi, shi ya sa zallansu ba ya zama lafiya. Sodiyam zalla yana yankuwa da wuƙa, a cikin mai ake adana shi, in ɗan gutsure ya faɗa ruwa sai ya yi ta gudu a kai yana huci, wani lokaci har da wuta. A layi na 17 na tsaye kuma akwai kulorin mai bakwai a waje, ɗaya ya rage masa ya cika takwas, adadin da zoben waje ke nema don zarra ta zauna lafiya. Iska ce mai guba. Amma in sodiyam ya miƙa masa nasa ɗayan, kowa ya samu biyan bukata, sai ga gishirin miya. Har yau in na zo nan a aji sai na ɗan tsaya, don abin na ba ni mamaki.

Wanda ya tsara jadawalin, Dmitri Mendeleev na Rasha, ya yi aikin a 1869, lokacin sinadarai 63 aka sani. Da ya jera su bisa nauyi da hali, sai ya ga wasu gidaje ba mai shiga. Bai cusa kowa da ƙarfi ba, ya bar su a buɗe, ya kuma bayyana halin waɗanda za su zo. A 1875 aka gano galiyam a Faransa, a 1879 sikandiyam a Suwidin, a 1886 jamaniyam a Jamus, kowanne ya zauna a gurbinsa. Galiyam ƙarfe ne mai narkewa a zafin da bai kai digiri 30 ba, ke nan a zafin Marwa na watan Afrilu ruwa zai zama. Jeri bisa lamba kuwa ya tabbata ne a 1913 da aikin Henry Moseley na Ingila.

Shawarata, ki riƙe 20 na farko, daga haidurojin zuwa kalsiyam, wanda ke cikin dutsen da ake yin siminti da shi a Figil. Ki koye su a tsaye, dangi-dangi. Sauran ki bari idonki ya saba da su wajen aiki.

Tambaya daga wani manomi a Pitowa: Malam, mene ne NPK da lambobin da ke jikin buhun taki?

Amsa: Sannu da aiki Baba. Haruffan daga wancan jadawali suke. N naitirojin ne, shi ke sa ganye ya yi kore shar. P fosforas ne, na saiwa da fure. K kuma fotasiyam ɗin nan ne na toka, yana ƙarfafa kara, ya taimaki shuka ta jure fari. Lambobin, kamar 20-10-10, kason kowanne ne cikin ɗari, a jere yadda haruffan suka zo, sai dai na P da na K haɗe da oksijin ake lissafa su. Yuriya kuwa naitirojin kaɗai take bayarwa, kashi 46 cikin ɗari. In kana zuba toka a gona ka ci gaba, amma kada ka cakuɗa ta da yuriya, domin naitirojin zai bi iska. Ka zuba yuriya bayan ƙasa ta jiƙa, ka rufe ta da ƙasa.