Sunan O'Connor zai ba matata da 'ya'yana fasfon Ailan?

Tambaya: Ina zaune a Manchester da matata, 'yar Ingila ce, sunan gidansu O'Connor. Kakanta na wajen uba a Cork, ƙasar Ailan, aka haife shi, amma ita da mahaifinta a Ingila aka haife su. Muna da yara biyu, kuma tana da juna biyu. Shin sunan nan ya isa mu sami zama 'yan ƙasar Ailan?

Amsa: Malam, sunan ba shi da wani nauyi a wurin hukuma. Harafin O a irin waɗannan sunaye yana nufin jika ko zuriyar wane, kamar yadda Mac ke nufin ɗan wane, kuma tun bayan babbar yunwar da ta fara a Ailan a 1845 sunayen suka bazu a Amurka, Ingila da Ostireliya, har masu amsa su a waje suka fi na gida yawa. Abin da dokar zama ɗan ƙasa ta 1956 take dubawa shi ne inda aka haifi uba ko kaka da kuma matakin da ke tsakaninsa da mai nema.

A nan matarka ta yi sa'a. Tunda a tsibirin Ailan aka haifi kakanta, surukinka ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwarsa, ko da bai taɓa riƙe fasfon ba. Ita kuwa, a matsayinta na jika, sai ta shigar da sunanta cikin rajistar waɗanda aka haifa a waje, wadda Ma'aikatar Harkokin Wajen Ailan ke kula da ita da sunan Foreign Births Register. Ana cike takardar a intanet, sannan a aika da takardun asali zuwa Ailan: shaidar haihuwar kakan, ta mahaifin da tata, shaidar aure inda suna ya sauya, da katin shaida ko takardar rasuwar waɗanda suka riga mu. Idan ta kakan ta ɓata, ana iya neman wata, domin tun 1864 gwamnati ke rubuta haihuwa a can.

Wurin da zan fi jan hankalinka shi ne lokaci. Zamanta 'yar ƙasa yana farawa ne daga ranar da aka shigar da sunanta, ba daga ranar da aka haife ta ba, don haka yaranku biyu, da aka haifa kafin rajistar, ba za su gada ta wannan hanya ba. Wanda ke ciki ma sai idan an kammala rajistar kafin ya zo duniya, alhali aikin yakan ɗauki watanni da dama. Shawarata ita ce ta miƙa takardunta cikin gaggawa, ta kuma haɗa da shaidar likita mai nuna lokacin haihuwa, domin ma'aikatar tana duba irin wannan uzuri.

Kai kuma aure kaɗai ba zai ba ka ba. Sai aurenku ya kai shekara 3, kuma ka zauna a tsibirin shekara 3 cikin 5 na ƙarshe, sannan ka nema, ministan shari'a na Ailan ya yanke hukunci.