Matakin da za ka samu bayan MBA

Ɗan'uwa, ka ce ka gama MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, kana tambaya ko kamfanin ba da shawara zai ɗauke ka a matsayin manaja kai tsaye. Da wuya. Manyan kamfanonin ba da shawara irin su McKinsey da BCG, da ke da ofis a Legas, kan ɗauki mai MBA mataki ɗaya ƙasa da manaja. Kai ne mai haɗa alƙaluma a Excel har dare, kai ne mai hira da ma'aikatan kwastoma. Bayan shekara 2 zuwa 3, ko su ɗaga ka, ko su nuna maka ƙofa.

Mu a Kaduna, galibin aikin yana Abuja, wajen kamfanonin binciken kuɗi da ba da shawara irin su KPMG da PwC, da ayyukan ƙungiyoyin agaji. Can shekarun aikinka sun fi takardar nauyi. Kafin ka sa hannu, tambaye su mutum nawa za ka jagoranta, don sunan muƙami yakan ruɗi mutum.