Wane baki zan sa wa baritan ɗina don kiɗan jaz?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mazaunin Yelwa ne a Bauchi. Shekara huɗu ke nan ina busa saksofon alto, tun a badujalar makaranta. Bana ƙungiyarmu ta sami baritan na hannu, wato babban saksofon nan mai kaurin murya, aka ce ni zan riƙe shi. Bakin busar da ya zo da shi an rubuta masa Yamaha 5C. In masu turampet biyu da mai ganguna suka tashi, ko ni ba na jin kaina. Wani abokina ya ce in sayi bakin ƙarfe mai buɗi sosai, wai shi ne na 'yan jaz. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma sai an aiko daga Legas. Me za ka ba ni shawara?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya, amma rabin da ya bari shi ne mai cin kuɗi.

Ko ƙarfe ne ko roba, ba shi ke ba baki murya ba. Abin da ke ba shi murya shi ne yadda aka sassaƙa cikinsa. Cire rid ɗin, wato ɗan fallen karan nan da ke kaɗawa in ka busa, ka ɗaga bakin wajen haske ka leƙa. Za ka ga wani rufi daga can tsini, daidai inda rid yake fuskanta. Ni ganɗa nake kiransa, don kamar ganɗar bakin mutum yake. Idan ganɗar ta taso ta matso kusa da rid, iska takan matsu ta fita da gudu, sauti ya yi kaifi ya ratsa taro. Idan kuwa ta kwanta can nesa, sai sautin ya yi kauri da laushi. Bayan ganɗa akwai kogo. Babban kogo yakan ba da murya mai faɗi, ƙarami kuma ya tattara ta wuri guda. Shi ya sa za ka iske Otto Link na ƙarfe, wanda ake kira Super Tone Master, ya fi Rico Metalite duhun murya nesa ba kusa ba, alhali shi Metalite ɗin roba ce zalla, mai arha ma. Ganɗarsa ce a tashe.

Sannan babu wani abu wai shi muryar jaz guda ɗaya. Nemi Harry Carney ka saurara, wanda ya riƙe baritan a ƙungiyar Duke Ellington daga 1927 har ya rasu a 1974. Muryarsa kamar tambari take, ita ke ɗauke da sauran masu busa gaba ɗaya. Gerry Mulligan, wanda ya kafa ƙungiyar mutum huɗu ba fiyano tare da Chet Baker a 1952, shi tasa muryar sakayau take, sai ka rantse ba wannan jibgegen ƙarfen yake riƙe da shi ba. Pepper Adams kuwa har laƙabin Wuƙa aka yi masa saboda kaifi. A nan gida kuma akwai Lekan Animashaun, wato Baba Ani, wanda ya daɗe yana busa baritan a bayan Fela Kuti, cikin ganguna da ƙahoni barkatai, amma ba ya ɓacewa. Ka kwana biyu kana jin su, ka ga wanne ne yake sa ka kaɗa kai. Daga abin da ka kwatanta, turampet biyu da ganguna, ina jin tsakanin Adams da Baba Ani buƙatarka take, wato ganɗa matsakaiciya ko mai ɗan tashi.

To ga maganar buɗi, inda samari suka fi faɗawa rami. Buɗi shi ne 'yar tazarar da ke tsakanin tsinin rid da tsinin baki, kuma da kashi ɗaya cikin dubu na inci ake auna ta. Naka 5C ɗin kusan milimita 2 ne, matsattse ke nan, an yi shi ne don mai koyo. Yawancin masu jaz a baritan suna tsakanin kashi 100 da 120 cikin dubu na inci. Kamfanin Berg Larsen ma a jikin bakin yake rubutawa: in ka ga 110/2, lambar farko buɗi ce, kusan milimita 2.8, ta biyun kuma ganɗa ce, daga 0 mafi kaifi zuwa 3 mafi duhu. Amma kada ka ɗauka lambar wani kamfani daidai take da ta wani. Bakwai ɗin Otto Link daban, B7 na Vandoren V16 daban. Kullum ka sa mai sayarwa ya faɗa maka buɗin a milimita ko a inci.

Ni dai ba zan so ka wuce 105 ko 110 ba. Daga alto ka fito, huhunka bai gama sabawa da iskar da baritan ke ci ba. Mai buɗi 120 zai burge ka minti goma na farko. Bayan nan leɓe ya gaji, ka fara cije baki, muryoyin sama su haura, na ƙasa su ƙi fita sai da gurnani. Ni ma na yi wannan gangancin ina saurayi. Na tara kuɗin wata uku na sa aka aiko mini da wani baki mai sheƙi kamar zinariya, da sunan babban kamfani a jikinsa, ashe jabu ne. Da na ɗora shi a kan gilashi sai na ga yana rawa, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. A wani biki na fara busa shi, muka zo inda zan shiga ni kaɗai, sai ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar ɗan kwikwiyo. Har yau mai gangarmu na wancan lokaci in ya gan ni sai ya tuna mini.

Saboda haka duk bakin da ya zo hannunka, yi masa wannan gwajin. Jiƙa rid, ɗaura shi, toshe gindin bakin da tafin hannu, ka zuƙe iskar ciki ka saki. In lafiya yake, rid zai manne na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ya ɓalle da ɗan sauti, ɓas. In bai manne ba sam, kuma ka canja rid abin bai canja ba, to bakin ne a karkace.

Wani abin da ban ji ka faɗa ba shi ne irin baritan ɗin. Duba ko yana sauka har muryar A ta ƙasa, ko a B-filat ya tsaya. Tsofaffin na Amurka irin Conn 12M a B-filat suke tsayawa, kuma a zamanin manyan koguna aka ƙera su. In ka sa musu baki mai ƙaramin kogo, sautin yakan haura, ka yi ta janyo bakin baya a kan toton wuya har ya kusa zamewa, duk da haka wasu muryoyin ba za su daidaita ba. Irin wannan kayan babban kogo yake so. Na zamani irin Yamaha da Yanagisawa ba su da wannan tsirfar sosai. Sauke manhajar auna sauti a waya, ka gwada muryoyin ƙasa, tsakiya da sama kafin ka ce ka saya.

Kuma tunda na hannu ne, ina zargin rabin matsalarka ba a baki take ba. Fatun da ke ƙarƙashin maɓallan baritan manya ne, wasu sun kai tafin hannun yaro, ga shi an sha buga shi a bayan mota. Ɗaya kawai ya yi yoyon iska, ƙarfin sautin ya tafi. Da dare ka zura 'yar fitila cikin kayan, ka danna maɓallan a hankali, duk inda haske ya leƙo to can iskarka ke zurarewa. Gyaran wannan ya fi sabon baki arha.

Hunturun Bauchi ma yana da nasa. Rid kara ne, in ya jiƙe ya bushe da sauri sai bayansa ya kumbura ya daina kwanciya, mutum ya ɗora laifin a kan baki. Jiƙa shi a kofin ruwa minti biyu zuwa uku kafin busa, in ka gama ka goge ka mayar da shi gidansa. Idan ka ƙara buɗi, rage ƙarfin rid: fara da lamba 2 ko 2.5. Na roba irin Légère ya fi tsada a saye ɗaya, amma ba ruwansa da hunturu, kuma a garin da rid ɗin baritan sai an yi aike, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. In kuma bakin da ka saya na baƙar roba mai tauri ne, kada ka bar robar a rana ko ka wanke ta da ruwan zafi, takan koɗe ta yi kore-kore, ta riƙa warin farar wuta.

Da ni ne kai, bayan an toshe yoyon, Metalite M7 zan fara nema. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma zai nuna maka ko kaifin nan da kake nema ya dace da kunnenka. In ya yi maka tsawa da yawa, ka san V16 B7 ko Otto Link na roba ne naka. In ya yi daidai, sai ka fara tarin kuɗin Berg Larsen. Duk wanda za ka saya daga Legas, ku yi magana tun farko cewa za a iya mayarwa, kuma ka tabbata da maɗaurinsa zai zo, don bakin ƙarfe ya fi siranta, maɗaurin 5C ba zai kama shi ba. Ranar gwaji ka sa abokin nan naka ya tsaya can ƙarshen ɗaki yayin da masu turampet ke busawa, domin bakin ƙahon baritan gaba yake jefa sauti, abin da mai busa ke ji ba shi ne ke isa wurin jama'a ba. Turo mini sunan da aka zana a jikin ƙahon da lambar da ke bayansa, sai in gaya maka ko tsoho ne ko na zamani.